Kafin Ka Sauya Hed ɗin Amfilifayar Jitar Bes, Ka Tabbatar Shi Ne Mai Laifin

Masu kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, suna da ƙorafi guda da ba ya ƙarewa. Idan mutum yana ɗaki shi kaɗai, sautinsa lafiya lau. Da zarar mai ganga ya shigo, fiyano ya tashi, mawaƙa sun ɗauka, sai a neme shi a rasa. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne amfilifayarsa ta yi ƙarama. Tasa wat 250 ce, ya ga ta wat 500 ko 800 a intanet, sai ya fara tara kuɗi. A darasinmu na yau za mu duba wannan shawarar ne. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta ba nan matsalar take ba, kuma akwai yadda za ka gane haka kafin ka kashe ko sisi.

Ga wanda bai saba da kayan ba, amfilifayar bes iri biyu ce. Akwai haɗaɗɗiya, wadda na'urar da lasifikar ke cikin akwati ɗaya. Akwai kuma rababbiya, inda na'urar take daban, ana ɗora ta a kan akwatin lasifika. Wannan na'urar da ake ɗorawa ita makaɗa ke kira hed, wato kai. A cikin hed sashe biyu ne. Na farko shi ne sashen gyaran murya, inda maɓallan murɗawa suke, shi ke ba sautin launinsa. Na biyu shi ne sashen ƙarfi, wanda ke ɗaukar wannan ɗan siririn sauti ya mayar da shi wutar da za ta iya tura lasifika. Ka riƙe wannan rabon, domin za mu dawo kansa.

Lissafin wat ba yadda ido ke ganinsa yake ba

Ido na ganin 500 ya ninka 250, sai zuciya ta ce ƙarar ma za ta ninka. Kunne ba haka yake aiki ba. Ana auna ƙarar sauti ne da desibel, kuma duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal kake samu. Desibel 3 ana jin sa, amma ɗan ƙari ne, irin wanda za ka samu idan ka ɗan taɓa maɓallin ƙara. Kafin yawancin mutane su ce sauti ya ninka a kunnensu, sai an ƙara kusan desibel 10, wanda ke nufin ninka wat sau goma. Wato mai wat 100 da ke son ƙararsa ta ninka, wat 1000 yake buƙata, da lasifikar da za ta iya ɗaukar su.

Kana iya yin lissafin da kanka a kalkuletar wayarka. Ka raba sabon wat da tsohon, ka danna log, ka ninka da 10. Daga 300 zuwa 500 za ka samu 2.2. Daga 500 zuwa 800 za ka samu 2. Ka ga ashe tsallen da ke kama da babba a jikin kwali, a kunne bai taka kara ya karya ba.

Sannan ba kowane wat da aka rubuta ne wat ba. Akwai ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, wanda ake rubuta RMS a gefensa, akwai kuma ƙarfin da take iya kaiwa na ƙiftawar ido, wanda ake rubuta Peak. Na biyun yakan ninka na farkon, kuma shi wasu ke bugawa da manyan baƙaƙe. Idan kana kwatanta hed biyu, ka tabbatar ma'auni ɗaya kake dubawa.

Om, lambar da ke bayan akwati

Juya akwatin lasifikarka ka duba baya. Za ka ga an rubuta 8 ko 4, da alamar Ω a gefe. Wannan shi ne om, ma'aunin yadda akwatin ke tare wutar da hed ke turo masa. Ƙaramar lamba na nufin hanya ta fi buɗewa, wuta ta fi wucewa. Hed mai taransista yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a mafi ƙanƙantar om da aka yarje masa, wanda galibi 4 ne. Misali, Little Mark III na kamfanin Markbass na ƙasar Italiya yana ba da wat 500 a om 4, amma a om 8 wat 300 yake bayarwa. Saboda haka mutum zai iya shekara da hed na wat 500 alhali bai taɓa jin wat 500 ɗin ba, don akwatinsa ɗaya ne, mai om 8.

To, mu ɗauki wannan mutumin, mu ba shi zaɓi biyu. Na farko, ya sayar da hed ɗinsa ya sayi na wat 800. A akwatinsa mai om 8 sabon zai ba shi tsakanin 400 da 500, ƙarin da bai wuce desibel 1 zuwa 2 ba. Na biyu, ya bar hed ɗin, ya sayi akwati na biyu irin nasa sak. Akwati biyu masu om 8 idan aka haɗa su sun zama om 4, nan take hed ya saki wat 500 ɗinsa, ƙarin desibel 2 ke nan. Bayan haka faɗin lasifikar da ke tura iska ya ninka, wanda a ƙananan sautuka yake ba da kusan desibel 3. Jimilla kusan 5. Ga kuma wata riba da ba ta cikin lissafi: idan ya ɗora akwati a kan akwati, na saman ya matso kusa da kunnensa, ya fara jin kansa.

Akwai hatsari a nan, kuma shi ne ke cinye hed ɗin mutane. Yadda ake lissafin akwati biyu da aka haɗa ta hanyar da aka saba shi ne, ka ninka lambobin biyu, ka raba da jimillarsu. 8 da 8 su ba ka 4. 8 da 4 su ba ka 2.67. 4 da 4 su ba ka 2. Idan a bayan hed ɗinka an rubuta mafi ƙanƙanta om 4 ne, to haɗin nan biyu na ƙarshe sun fi ƙarfinsa. Zai yi zafi, idan yana da kariya ya kashe kansa a tsakiyar waƙa, idan ba shi da ita ya ƙone. Kuma haɗa 8 da 4 yana da wani aibin ko da hed ɗin zai iya ɗauka, domin mai om 4 zai kwashe kashi biyu cikin uku na wutar, ya bar wa ɗayan saura. Idan rubutun bayan akwatin ya goge, ka sa mita ka auna. Mai om 8 yakan nuna wajen 6, mai om 4 kuma wajen 3.

Hed mai kwalba, irin kwalaben gilas na tsofaffin rediyo, dokarsa daban ce. Shi dole om ɗin akwati ya dace da ramin da ka jona, kuma ba a kunna shi babu akwati a jone, domin taransifomar da ke fitar da sauti tana iya lalacewa. Mai taransista bai damu da wannan ba.

Abu na ƙarshe game da akwati: kowane akwati yana da tasa bajintar wajen mayar da wuta sauti. Ana rubuta ta da desibel, a wat 1, a nisan mita 1. Akwatin da ke ba da 99 ya fi mai 96 da desibel 3, daidai da a ce ka ninka wat ɗinka ba tare da ka taɓa hed ba. Kuma lasifika tana da iyaka. Idan ta kai ƙarshen tafiyarta gaba da baya, duk wutar da ka ƙara zafi kawai take zama, sai ka ji wani ɓurɓur a tsirkiya mai kauri. Wanda ya ji wannan sautin ya ruga ya sayi hed mafi ƙarfi, lasifikarsa ya saya wa ajali.

Maɓallan da kake da su yanzu

Wannan sashe shi na fi so a tsaya a kai, don kyauta ne. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, wato 41 Hz. A mai tsirkiya biyar ana sauka har kusan 31 Hz. Kunnen ɗan Adam yana da rauni a wannan yanki. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka auna wannan, suka nuna cewa ƙananan sautuka na buƙatar ƙarfi mai yawa kafin kunne ya ji su daidai da na tsakiya. Abin da muke ji har mu gane wace murya mai bes ya kaɗa, galibi ba 41 ɗin ba ne, 'ya'yanta ne da ke hawa a kanta: 82, 123, 165, har sama. Shi ya sa kake iya bin bes a 'yar lasifikar wayarka, wadda ko kusa ba ta iya fitar da 41 Hz.

Yanzu duba yadda yawancin masu koyo ke saita hed. Su ƙure maɓallin Bass, su ƙara Treble, su rage Mid. A ɗaki wannan saitin yana da daɗi ƙwarai, sauti mai kauri da sheƙi. A cikin ƙungiya kuwa, babbar gangar ƙafa ta mamaye ƙasa, jita da faranten ƙarfe na mai ganga sun mamaye sama, kai kuma ka kwashe tsakiyar da ta rage maka da hannunka. Ga tsada kuma, domin ƙara desibel 6 a maɓallin Bass na nufin hed zai nemi ninki huɗu na wuta a wannan yanki. Wat 300 ɗinka sun tafi girgiza tagogi da ƙafar wando, ba wanda ya ji waƙa.

Wasu hed suna yin wannan kwashe tsakiyar da maɓalli ɗaya, mutum bai ma sani ba. A Markbass akwai wanda aka rubuta VPF, kuma shi a kashe yake ne kawai idan ka mayar da shi ƙarshen hagu, ba tsakiya ba. Mutane da yawa suna jera duka maɓallai a tsakiya suna zaton sun daidaita, alhali sun rage tsakiyar sautinsu sosai. A Ampeg kuma maɓallin Ultra Lo, duk da sunansa, yawancin aikinsa rage tsakiya ne. Wasu kamfanonin suna rubuta Contour ko Shape.

A atisayen gaba ka gwada wannan. Ka kashe duk irin waɗannan maɓallan. Ka mayar da Bass tsakiya ko ma ƙasa kaɗan. Ka ɗaga yankin 250 zuwa 500 Hz don jiki, da wajen 800 Hz idan kana son a ji bugun yatsa. Ka ɗaga Gain har fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa a bugunka mafi ƙarfi, ka ɗan dawo baya, sannan ka nemi ƙara da Master. Idan kai kaɗai ne sautin zai yi maka kamar na mai mura. Ka daure har sauran su shigo.

Akwai ƙananan abubuwa da ake ɗora wa hed laifinsu. Tsirkiyar da ta shekara biyu tana shan gumi ba ta da sauran tsakiya ko sama. Bes mai batir 9 bolt idan batir ya yi sanyi yakan fara karkarwa kamar amfilifaya ta lalace. Akwatin da ke ƙasa dab da kai gwiwarka yake yi wa kiɗa, ka kishingiɗa shi ya kalli kunnenka, ko ka ɗora shi a kan benci mai ƙwari. Idan sauti na ɗaukewa yana dawowa, ka sa gajeriyar waya tsakanin ramin Send da na Return a bayan hed. Idan ya daina, ƙura ce ta shiga ramin, wanda a ƙasarmu mai hunturu ba abin mamaki ba ne, kuma gyaran na 'yan mintuna ne. Wayar da ke tsakanin hed da akwati kuma dole ta zama wayar lasifika mai kauri. Wayar jita tana shiga ramin, amma ba a yi ta don ɗaukar wuta mai yawa ba.

Yadda za ka kama mai laifin

A aikin rubuta manhaja, idan shafi yana nauyi ba mu fara da sayen babbar kwamfuta. Muna aunawa tukuna, muna canza abu ɗaya a lokaci guda, har mu ga inda ya maƙale. Haka za ka yi a nan. Ka ari hed mai ƙarfi wajen abokin sana'a, ka jona shi a akwatinka, da jitarka, a wurin da kuke kiɗa, tare da ƙungiya. Bayan haka ka juya: hed ɗinka, akwatin aro. Wanda ya kawo babban sauyi a cikin biyun, can kuɗinka ya kamata su je.

Idan daɗin murya kake kwatantawa ba ƙara ba, ka daidaita ƙarar duka biyun da manhajar auna desibel a waya. Manhajar ba ta da cikakkiyar daidaito, amma ta isa wannan aikin. Dalili shi ne wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi, kuma mai shago ya san da haka. Ka kuma ajiye waya a ƙarshen ɗaki ta naɗi sautin, domin abin da kake ji a tsaye gaban akwati daban yake da abin da na baya ke ji.

Wurin ma yana da nasa hannun. Akwatin da ke jingine da bango yana samun ƙarin kauri kyauta. A fili kuwa babu bango, kuma duk ninkin nisa sauti na faɗuwa da kusan desibel 6. Masu kiɗan biki a waje, irin ƙungiyoyin jita na Agadas ko masu yi a filin makaranta da harabar coci, ba hed ɗin da zai cika musu fili shi kaɗai. Aikin manyan lasifikun taro ne, kai kuma amfilifayarka ta zama ta jin kanka.

Lokacin da sauyawa ke da dalili

Wannan ya kawo mu dalili na farko mai ƙarfi. Idan hed ɗinka ba shi da ramin DI, wato ramin nan mai ƙafa uku da ke kai sautinka kai-tsaye zuwa miksa, ko yana da shi amma yana ƙugi kuma babu maɓallin Ground Lift, to kana da matsala ta gaske. Ko ita ma ɗan akwatin DI na daban yana magance ta da kuɗi kaɗan.

Na biyu shi ne nauyi, kuma ban raina shi ba. Ampeg SVT da ya fito a 1969, mai kwalba, wat 300 ne, nauyinsa ya haura kilo 35. Har gobe ana ƙaunar muryarsa, amma mutum biyu ke ɗaukarsa. Little Mark III da muka ambata bai kai kilo 3 ba. MB200 na Gallien-Krueger wat 200 ne, nauyinsa kusan kilo 1. Sirrin shi ne an daina amfani da ƙatuwar taransifoma ta ƙarfe, an koma irin tsarin wutar da ke cikin cajar laftof, sannan yawancin sababbin suna amfani da sashen ƙarfi na ajin D, wanda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wuta zuwa aiki maimakon zafi. Wanda ke hawa babur ko A Daidaita Sahu da kayansa sau uku a mako, wannan dalili kaɗai ya ishe shi.

Sai dai sauƙin yana da farashi. Tsohon hed mai manyan taransista, mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya buɗe shi ya canza abin da ya ƙone. Na zamani kayan cikinsa ƙanana ne kamar na waya, kuma sau da yawa gyaransa na nufin canza allon gaba ɗaya, sai an yi odarsa daga waje. Ka tambayi mai gyaranka kafin ka saya, ba bayan ya lalace ba.

Na uku, idan ka yi duk gwajin da ke sama, akwatinka mai kyau ne, om 4 kake, saitinka daidai, amma fitilar gargaɗi ba ta mutuwa, to ƙarfin ne ya gaza da gaske. A nan kada ka yi ɗan tsalle. Daga 200 zuwa 300 asarar kuɗi ce. Ka nemi aƙalla ninki biyu, kuma ka tabbatar akwatin zai ɗauka.

Idan kuwa murya ce ba ta yi maka ba, ka tuna rabon da muka yi a farko. Kamfanoni da dama ba su ƙera sashen ƙarfi da kansu, sayowa suke yi, misali daga ICEpower na ƙasar Denmak, kamar yadda manhajoji biyu masu fuska daban ke iya zama a kan tushe ɗaya. Bambancin muryar yawanci a sashen gaba yake, kuma ana sayar da wannan sashen shi kaɗai a matsayin ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa. SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 sananne ne, Behringer ma yana da mai rahusa, BDI21. Ka jona jita a cikinsa, ka kai fitarsa ramin Return na hed ɗinka. Ka tsallake tsohuwar muryar ke nan, ka riƙe ƙarfin. Kuma duka biyun suna da ramin DI a jikinsu.

Idan na hannu za ka saya

Yawancinmu na hannu muke saya, daga kasuwa irin Alaba ta Legas ko wajen wani makaɗi. Kafin komai ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wasu hed suna karɓar kowace, wasu suna da ɗan maɓallin zaɓi, wasu kuma an ɗaure su a wuta ɗaya. Jona na 120 a soket ɗinmu kai-tsaye, sau ɗaya ake yi. Idan irin wannan ne sai ka haɗa da taransifomar rage wuta mai isasshen ƙarfi, wadda nauyinta na iya cinye sauƙin da ka saya. A wurin da ake aiki da janareta kuma, hed shi ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa, kuma kada ka bar shi a kunne lokacin da ake sauya layi.

Ka je da jitarka, idan da hali da akwatinka. Kada ka yarda da gwajin minti biyu, domin wasu cututtukan sai na'ura ta ɗumama suke bayyana. Ka yi kiɗa da ƙarfi na minti ashirin ko talatin, ka saurari fanka ko tana juyawa, ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana ƙarƙar, ka sa hanci wajen ramukan iska ko akwai ƙauri. Ka duba kawunan kusoshi, idan sun cinye to an sha buɗe shi, sai ka tambayi me aka gyara. Ramin DI ma a jona shi a miksa a gabanka, domin shi ne wanda masu sayarwa suka fi mantawa su gwada.